Saitin Sulallan Shekarar Haihuwarka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Maskat lafiya, ya tsare ka a hanyar Hatta da kwane-kwanen duwatsunta, ya haɗa ka da maƙwabta na kirki a inda za ka zauna. Na ɗora takardar nan a kan jan akwatin karammiskinka don hannunka ya fara taɓa ta kafin ya taɓa shi. Ka karanta ta tun ba ka je shagon ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda yanzu ka baro mu. Maganar saitin sulallan shekarar haihuwarka ce. Ina zaune a falo na ji ka a waya da dattijon da ya ɗauke ka aiki a shagonsa na tsofaffin kuɗi, kana gaya masa kana da saiti ɗan asali, liƙin gidan buga kuɗi, ba a taɓa buɗe shi ba. Shi kuma ya ce ka zo masa da shi ranar farko. Na san matsayin aikin nan a wurinka. Shekarunka sun kusa fitar da kai daga bizata, ka daɗe kana nema, kuma wannan ne aiki na farko da ya dace da abin da kake so. Mutumin da ya tsufa yana duba sulalla kallo ɗaya zai yi wa saitin nan. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ya ce ba ka da ido, ko ya ce ba ka da gaskiya, kuma ba a riƙe ma'aikaci a irin wannan shagon da ko ɗaya daga ciki. Saitin ba ɗan asali ba ne. Laifin nawa ne, zan kuma faɗa maka yadda aka yi tun daga tushe, don kowace gaɓa akwai abin da za ka ɗauka.

Lokacin da na zo garin Larabawan nan ban san komai ba sai atamfa da shadda. A Kantin Kwari na tashi, sayayya ta kawo ni, aikin kargo a wani sito a Ras Al Khor ya zaunar da ni. A gida sulalla sun riga sun fara mutuwa, a nan kuwa kullum sai mai baƙala, wato ɗan kantin unguwa, ya zuba maka su a tafi. Na riƙa kallonsu: butar gahawa a kan dirhami, barewa a kan fils ashirin da biyar, wato kwatan dirhami, jirgin ruwa, kifi, dabino. Na fara tara su a gwangwanin madara ba da wata manufa ba. Daga gwangwani sha'awa ta girma.

Kuskurena na farko a kasuwar Deira na yi shi. Na ga saiti a gilashin wani shago, sulalla shida sun sha ruwan zinare, kwance a jan karammiski, ga takarda mai kauri da hatimi har da ɗan zare mai sheƙi. Ban yi dogon ciniki ba, abin da ko a yadi ɗaya ban taɓa yi ba. Na ɗauka na nufi wurin Haji Murad, wani dattijo ɗan ƙabilar Baluchi mai ɗan ƙuntataccen shagon tsofaffin kuɗi, wanda nakan tsaya wurinsa in yi kallo. Na je ne don ya yaba, ba don ya duba ba. Ko sulallan bai kalla ba. Takardar ya ɗauka ya miƙo mini.

"Habibi, karanta mini sunan wanda ya buga wannan."

Na karanta. Sunan wani kamfani ne da ban taɓa ji ba.

"Shi ne yake buga wa ƙasar nan kuɗi?"

Na ce a'a.

"To khalas, shi ke nan. Kuɗin na gaske ne, ba jabu ba ne. Daga aljihun mutane aka tsinto su aka yi musu wanka. Jiya dirhami ɗaya ne, yau ma dirhami ɗaya ne, sai dai yanzu mai baƙala zai yi maka gardama kafin ya karɓa."

Na naɗe kayana na fito.

Saboda haka ka fara da takarda kafin ƙyalli. Takardar gidan buga kuɗi ba ta da surutu. Za ta gaya maka sunan gidan, shekara, irin ƙarfen, nauyi da faɗi, ta yi shiru. Takardar 'yan kasuwa kuwa kamar maroƙi take a gidan biki, kirari ne daga sama har ƙasa. Idan ka ga akwati ya fi abin da ke cikinsa ado, ka tambayi wanda ya yi akwatin. Kuma kada ka raina saitin kasuwa don kawai na kasuwa ne. Mutum yana da damar ya jera sulalla a akwati ya sayar wa baƙi su kai tsaraba, halak ɗinsa ne. Inda abin yake lalacewa shi ne ranar da aka kira shi da sunan da ba nasa ba.

Kuskure na biyu daga gidanmu na taho da shi. Duk jajibirin Sallah kakarka takan fito da tasoshin tagulla da awarwaronta, ta sa mu dirje su da lemon tsami da toka har sai mun ga fuskarmu a ciki. A wurinmu abu mai daraja shi ne abu mai sheƙi, dusashewa kuwa ƙazantar mai shi ce. To wata Juma'a bayan masallaci na juye gwangwanin nan a faranti, har da manyan dirhamomin nan na dā waɗanda aka daina bugawa, na yanka lemo, na samo toka a wurin masu gasa nama. Na yi aiki tuƙuru. Ummanka ma ta yaba, ta ce da haka nake wanke kofin shayina da ta huta.

Haji Murad ya sa gilashinsa mai ƙara girman abu a ido, ya juya ɗaya, ya juya biyu, sannan ya miƙo mini gilashin. Fuskar kowane sule ta cika da siraran zane-zane, duk sun kwanta gefe ɗaya, inda yatsana ya bi da toka. Ya ciro wani sabo daga leda, ya riƙe shi ta baki, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila. Hasken ya riƙa zagaya fuskar sulen kamar fanka tana juyawa a hankali. Ya karkata nawa. Hasken ya tsaya wuri ɗaya, fau, kamar gindin sabuwar tukunya.

"Wannan hasken sau ɗaya ake ba sule shi, ranar da aka buga shi," in ji shi. "Kai ka kankare naka da hannunka."

Ka riƙe wannan. Ba a wanke sule, ba a goge shi, ko da gefen riga ne. Ta baki ake kama shi. Idan saiti ya zo gabanka, ka karkata shi ka ga ko hasken yana tafiya. Sannan ka duba wuraren da suka fi tudu, bakin butar gahawa, cinyar barewa, don nan ne hannun mutane yake fara ci. Ka karanta shekarar kowane ɗaya, ta Hijira da ta Miladiyya, kada ka karanta biyu ka yarda da sauran. Ka shinshina ledar ma. Mai laushin nan mai warin sabon takalmin roba, gidan buga kuɗi ba ya amfani da ita, kuma da daɗewa takan bar kore-kore a jikin ƙarfe. Na san ka san duk wannan, wasu ma kai ka ƙara mini. Ina maimaitawa ne don ka ga cewa ni ma na sani, tun kafin in yi abin da zan faɗa yanzu.

Da aka haife ka na ce wa Haji Murad ina son saitin shekarar, na gaske, daga inda ake bugawa. Ya yi ta fama har ya samo mini ɗaya. Ranar da na je karɓa sai ya miƙo mini wani ɗan kwali fari, ba ado ba komai, a ciki sulalla shida a liƙe cikin siririyar leda, da 'yar takarda mai layi kaɗan. Zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda aka taɓa cuta da karammiski ya kamata ya yi murna da farin kwali, amma ni tsoron cuta ya riga ya shige ni, komai na gani sai in zarge shi.

Ga kuma tarbiyyar Kwari. Mu ba ma karɓar dila sai mun farke gefe mun sa yatsa. A kargo ma haka, ba na sa hannu a kan katan sai an yanka an nuna mini ciki. Duk wanda ya yarda da rubutun bayan katan, a wurinmu sabon shiga ne. Haji Murad ya koya mini maganar takarda, ya koya mini maganar gogewa, amma bai taɓa ce mini kada in buɗe liƙi ba. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce bai taɓa zaton akwai mai hankalin da zai yi ba.

A sito na yi aikin, da tsakar rana lokacin cin abinci, a kan wani katan, ana lodin kwantenar da za ta wuce tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali. Na ciro rezar yankan katan na tsaga ledar. Na zuba sulallan a tafina, na jinjina nauyinsu, na juya kowanne gaba da baya. Zafin bazarar garin nan ka san shi, hannuna sharkaf da gumi. Na gamsu, na gaske ne. Ina cikin mayar da su sai fils ashirin da biyar ya zame, ya faɗi ta baki, ya gangara. Ina ganin barewar nan tana gudu a kan siminti har ta shige ƙarƙashin kayan da ake turawa cikin kwantena. Na sa aka tsaya, aka ɗaga, aka duba. Babu. Har yau ina kyautata zaton ta sauka a Legas.

Na koma wurin Haji Murad da biyar a cikin hankici. Ya kwance hankicin ya duba su. Sannan ya ce, "Da safe saiti ne. Yanzu canji ne."

Na ce a samo wani. Ya ce wanda ya samu ɗin ma da ƙyar ne, babu saura.

Abin da ban gane ba sai a ranar shi ne, a saitin asali ba ƙarfen kaɗai ake saye ba. Ana sayen shaidar cewa tun daga injin da ya buga su ba hannun da ya taɓa su, kuma liƙin nan shi ne shaidar. Na yanka shaidar don in tabbatar da ita. Dabarar da ta tsare ni shekara da shekaru a wata sana'a ita ta kayar da ni a wannan. Za ka shiga shagon mutum da garin mutane, to kafin ka yi abin da ka saba, ka tambaya ko haka ake yi a nan. Tambayar ba ta rage maka komai.

Da a nan na tsaya, da wauta ce kawai, da tuni mun mai da ita abin dariya a gidan nan. Ummanka ta ga yadda abin ya dame ni. Tana jego, amma da ta fara fita sai ta ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da ta saya a baƙala sai ta nemi a ba ta canji da fils ashirin da biyar. Ta dawo ta zauna kusa da taga tana karanta shekarun. Mai baƙalar har ya saba, yana hango ta zai ce, "Mama, shwaiya shwaiya, bi a hankali, na ajiye miki." Wata huɗu tana wannan. Rannan na dawo daga aiki ta miƙo mini ɗaya a kan murfin kofi, shekararka ce daidai, sai dai cinyar barewar ta ɗan sha hannu.

Ta ce, "Ga shi, sun cika shida. Ka ƙulle su a ƙyalle ka ajiye wa yaron, in ya girma ka ba shi labari ya yi maka dariya."

Shawara mai kyau ce, ban bi ba. Na kwashe su na kai wa wani mutum a wani lungu a Deira mai injin liƙe leda da zafi. Ya jera su, ya liƙe, ya gyara bakin da almakashi. Na zo gida na juye sulallan ruwan zinaren nan daga jan akwatinsu, na kwantar da naka a ciki. Sannan na ɗauko 'yar takardar gidan buga kuɗi, ta gaske, wadda ta zo da farin kwalin, na soke ta a murfin. Wannan ne wurin da wauta ta koma ƙarya. Ban je wurin Haji Murad da shi ba, har ya rufe shagonsa ya koma ƙasarsu bai san na yi ba.

Don haka takarda ta gaske ma ba ta isa shaida ita kaɗai ba, ana iya ɗauke ta daga wani gida a kai ta wani. Ka bi bakin liƙin da gilashi. Na asali a miƙe yake, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na lungu yana da 'yan kumbure-kumbure inda zafi ya yi yawa, kuma kusan kullum akwai abin da ya shiga ciki, ƙura ko gashi ko zare. Ka kuma tambayi kanka ko wannan akwatin da wannan takardar tare aka haife su.

Ranar walimar saukarka na ba ka shi, kana da shekara goma sha ɗaya. Na ce maka, "Wannan tun daga gidan da aka buga shi ba wanda ya taɓa shi." Ban shirya faɗin haka ba, baƙi ne a falo, maganar ta fito da kanta, kuma ta yi daɗi a baki. Ka karɓa da hannu biyu. Daga ranar ka fara tara naka, ka fara karatu a kansu, har ka wuce ni nesa. Duk lokacin da na yi niyyar gyara maganar sai in ga kamar zan zare tubalin ƙasa ne daga ginin da ya riga ya yi tsawo. Na bari sai gobe, goben ta kai shekara goma sha uku.

Na tuna wata Asabar bara da muka je wurin masu baje kolin tsofaffin kuɗi. Wani ya miƙo maka saiti yana rantsuwa, ka karkata shi sau ɗaya, ka bi bakinsa da farce, ka mayar masa cikin ladabi ka ce an sake liƙe shi. Ko minti ɗaya ba ka yi ba. Na yi alfahari da kai a wurin, na kuma ji tsoro, don na san naka yana gida da aibin da ya fi wannan fitowa fili. Ba ka taɓa sa masa gilashi ba. Ba don ba ka da ido ba, sai don ni na ba ka. Wannan ita ce nasihar da ta fi sauran tsada, kuma a kaina ka koye ta: kayan da ya fito daga hannun wanda kake ƙauna ma ka duba shi. Dubawar ba rashin kunya ba ce. A shagon nan za a kawo maka kayan gado, mutum ya ce na mahaifinsa ne, ya rantse, kuma gaskiyarsa yake faɗa iyakar saninsa. Ka tausasa harshe, amma ka sa gilashin.

Bayan ka ajiye wayar nan ka fita, Ummanka ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Alhaji, ka ji abin da yaron nan ya gaya wa mutumin?"

Na ce na ji.

"To?"

Na ce ina tunani.

"Shekara goma sha uku kana tunani. Barewata ce a ciki. Ni na samo ta, kuma ban samo ta don a kai ta wata ƙasa a kunyata mini ɗa ba. Ko ka faɗa masa, ko in faɗa masa a bakin mota."

Na yi niyyar faɗa maka baki da baki. Sau biyu na zo ƙofar ɗakinka kana haɗa kaya, sau biyu na tambaye ka ko ka ɗauki cajar waya. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba, kuma ina jin ta har yanzu da nake rubutun nan.

Jiya bayan La'asar, da ka tafi sallama da abokanka, na ciro akwatin daga jakarka. Na san in na bar shi a liƙe, akwai yiwuwar ka karanta takardar nan ka ce Baba ya tsufa yana ruɗewa, ko zuciya ta raya maka cewa dattijon ba zai lura ba. Ni na san yadda zuciya take raya irin wannan. Sai na sake ɗaukar reza. Wannan karon na wanke hannu, na shimfiɗa tawul, na kama kowanne ta baki.

In ka buɗe akwatin za ka tarar da 'yan ambulan shida. Na rubuta a bayan kowacce abin da ke ciki da abin da ya same shi. Ledar da na yanka tana nan a ƙasa, ka duba kusurwar hagu, akwai zaren hankicina da ya kwana a ciki tun ranar. Takardar gidan buga kuɗin na sa ta a ambulan dabam, don kada ta sake yi wa wani shaidar zur.

Shawarata ka kai wa dattijon su haka. Ka ce masa abin da ka faɗa a waya ba daidai ba ne, haka aka gaya maka, kuma ga abin da ka gani da ka duba. Ka nuna masa bakin liƙin, ka nuna masa zaren, ka nuna masa cinyar barewar. In ya tambayi wanda ya yi, ka ce mahaifinka ne, kada ka rufa mini asiri da naka mutuncin. Ban san ko zai riƙe ka ba, ban san halinsa ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na sani shi ne ba za ka fara aiki da maganar da za ka yi ta gadinta ba.

Ummanka ta ce barewar ba ta sayarwa ba ce, ko an taya. Ta ce in ka gama nunawa ka mai da ita ambulan ɗinta.

Saura abu ɗaya. Kana shekara goma sha biyu ka taɓa kawo mini akwatin, ka nuna mini wani ɗan tabo ruwan ƙasa a jikin butar gahawar, mai zane-zane kamar gammo, ka ce mene ne wannan. Na ce maka haka ake buga su. Ba haka ake buga su ba. Babban yatsana ne, na ranar da na zuba su a tafina a sito ina murnar an haife ka. Gumi ne ya ci ƙarfen, kuma ba ya fita. Kada ka goge shi.

Ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ido mai gani da harshe mai gaskiya, ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya dawo mana da kai lafiya. Ummanka tana gaishe ka, ta ce ka kira ta da zarar ka fito daga shagon, ko me aka ce maka. Ni ma ina kusa da wayar.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.